Alhaji Mamman Shata Katsina (1923-1999), mawaƙin da bai tsaya ƙofar sarki ɗaya ba

In aka zauna hira da dattawan ƙasar Arewa, tun daga Dogon Dutsi da Matankari har zuwa Tibiri da Kore Mairuwa, aka tambaye su mawaƙin da ya fi kwanta musu a rai, kowa da wanda zai ambata. Mai son waƙar sarauta zai kawo Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, mai son dambe zai kawo Ɗan Anace, wani ya ce Ɗan Gurmu na Tawa, wani ya ce Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, wani kuma ba ya haɗa kowa da mai gogen garinsu. Amma akwai suna guda da wuya a tashi hirar ba a faɗe shi ba, shi ne Alhaji Mamman Shata. Mutumin nan ba ɗan ƙasarmu ba ne, kuma bai gaji kiɗa ba, duk da haka manomi da mahauci da direba da basarake sun yi tarayya a kansa. Dalilin wannan tarayya shi ne abin da za mu duba yau cikin tarihin rayuwarsa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa cikin ƙasar Katsina, zamanin da Ingilishi ke mulkin Nijeriya. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, kuma gidansu yana da asalin Fulani. Kamar sauran yaran zamaninsa, an sa shi makarantar allo, ya kuma san aikin gona tun yana ƙarami. Da ya tasa sai ya shiga tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa, yana yawo da ita kasuwa-kasuwa da dandali-dandali. Laƙabin Shata kuwa wani ɗan'uwansu ne mai suna Salamu ya sa masa, ya bi shi har ya rufe sunansa na yanka.

A dandali ne waƙa ta same shi. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci, in dare ya yi, wata ya haska, samari da ƴanmata sukan taru a fili, makaɗin kalangu yana kiɗa, ana rawa ana ba juna amsa da waƙa. Mai tallan alewa ba ya rasa irin wannan wuri, don nan ne masu sayensa suke. Shata ya fara sa baki don nishaɗi, ba don a ba shi ko anini ba, sai aka ga yaron yana da murya mai kai wa nesa, ga saurin haɗa magana, ga iya mayar da martani nan take. Kafin a jima ya gagari sauran samarin da ke waƙa a Musawa da ƙauyukan kewaye.

Mahaifinsa bai so wannan al'amari ba ko kaɗan. Dalilinsa kuwa sananne ne ga duk wanda ya san zaman Hausawa: kiɗa da waƙa sana'ar gado ce, kuma ana lissafa mai yin ta cikin maroƙa. Ɗan gidan da ba su gaji roƙo ba, in ya ɗauki wannan hanya, ana ganin ya zubar da girman gidansu. Har yau a ƙasar Arewa akwai iyayen da ke da wannan ra'ayi. Shata dai bai bari ba, kuma rashin gadon nan da aka ɗauka aibi ne gare shi, shi ne ya zame masa ƴanci daga baya, don bai tarar da wani ubangida da kakanninsa suka yi wa kiɗa ba, balle a ce dole ya zauna ƙofarsa.

Yadda waƙa take kafin zuwansa

Domin a gane abin da Shata ya canza, sai a tuna yadda aka raba kiɗa a ƙasar Hausa. Kowane rukuni na jama'a da nasa makaɗa da nasa kayan kiɗa. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne. Kotso da taushi na makaɗan fada ne. Manoma suna da gangarsu ta gayya, maharba da ƴan tauri da maƙera kowa da nasa take, masu bori kuma suna da goge da garaya, kamar yadda kowa ya sani a ƙasar Arewa. Kalangu kuwa kiɗan mahauta ne da na ƴanmata a dandali, har da ƴan dambe, watau ba a lissafa shi cikin kiɗan manya.

Makaɗin fada yana da ubangida guda. Ibrahim Narambaɗa ya zauna a Isa ƙarƙashin Sarkin Gobir Amadu, yana kiɗan kotso. Salihu Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na uku a Sakkwato. Irin waɗannan makaɗa sarki ne ke ci da su, shi ke ba su riga da doki da hatsi, su kuma suna tsara waƙa a gida tare da yaransu, su maimaita ta har ta zauna, sa'an nan su kawo ta gaban sarki ranar salla ko ranar wani babban taro. Waƙoƙinsu suna da zurfin Hausa ƙwarai, amma ba su cika fita daga zancen sarki da zuriyarsa da abokan gabansa ba. Talaka yana saurare ne daga nesa, ba ya sa ran jin sunansa a ciki.

Daga Bakori zuwa Kano da Funtuwa

Da Shata ya bar Musawa sai ya zauna a Bakori, wajen wani ɗan sarautar Musawa mai suna Abdullahi Inde, wanda ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can. A Bakori ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya riƙa fita da makaɗansa zuwa garuruwan Katsina da Zariya da Kano, yana yi wa ƴan kasuwa da ma'aikata da ƴaƴan sarakuna waƙa. A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin auren ƴaƴan sarki a Kano, wanda ake kira Bikin Ƴan Sarki. Makaɗa da yawa sun hallara, amma Shata ne ya tafi da sunan bikin, kuma tun daga ranar ba a sake ɗaukarsa mawaƙin ƙauye ba.

A shekarar 1960 ya koma Funtuwa, inda ya yi zamansa na kusan shekara 40. Zaɓen wannan gari yana da ma'ana. Funtuwa ba birnin babban sarki ba ce, garin auduga ne da ciniki, jirgin ƙasa yana ratsa ta, hanyoyin mota daga Zariya da Katsina da Sakkwato suna haɗuwa a cikinta. Mutanen da ke da kuɗi a irin wannan gari sababbi ne: dillalan gyaɗa, masu manyan motoci, ƴan kwangila, ma'aikatan gwamnati. Ba su da tambari, ba su da kakaki, ba su da makaɗan gado, amma suna son a san da su. Shata ya gane haka tun da wuri, ya ɗauki kalangun dandali ya yi musu abin da kotso ke yi wa sarakuna.

Yadda yake waƙa

Tsarin ƙungiyarsa mai sauƙi ne. Shi yana tsaye yana bayar da waƙa, makaɗan kalangu suna kiɗa, su ne kuma ƴan amshi, ga maroƙa a gefe suna kirari suna sanar da kyautar da aka yi. Kalangu ganga ce mai siririn ciki, an ɗaure fatun bakinta biyu da tsarkiya. Makaɗi yana saƙale ta a hammata, in ya matsa sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu yana iya bin maganar mutum har mai saurare ya gane abin da yake faɗi. Amshin waƙar Shata gajere ne, sau da yawa layi ɗaya tak, ana maimaita shi daga farko har ƙarshe. Wannan gajeren amshi shi ne ke ba shi damar numfasawa da shirya abin da zai faɗa gaba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, ba ya zama a gida ya tsara waƙa kamar yadda makaɗan fada ke yi. A filin wasa yake ƙirƙirarta. Zai ba makaɗa amshi, su kama, shi kuma ya dubi taron, ya ɗauko sunan wanda ya shigo, da garinsu, da sana'arsa, da abin da ya faru a hanya, ya saƙa su cikin waƙar. Saboda haka waƙa guda ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake yi wa kansa kirari yana faɗin fifikonsa a kan sauran mawaƙa, an ɗauke ta sau da dama, kuma kowane ɗauka da abin da ya ƙara ko ya rage. Shi da kansa bai san yawan waƙoƙinsa ba.

Hausarsa kuma a fili take. Mai sauraron Narambaɗa yakan bukaci dattijo ya warware masa wasu kalmomi, amma waƙar Shata yaro da baƙo da wanda ya koyi Hausa a kasuwa duk suna fahimta. Wannan sauƙi ne ya sa Bazabarme a Doso da Ba'are a Dogon Dutsi da ɗan zango a Kumasi suka iya riƙe amshinsa, ko da yake karin harshensu ya bambanta da na Katsina.

Waɗanda ya yi wa waƙa

Shata bai ƙi sarakuna ba. Ya yi musu waƙoƙi masu yawa, kuma babban masoyinsa cikinsu shi ne Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966. Sai dai ya je musu ne a matsayin baƙo mai daraja, in ya gama ya yi sallama ya kama hanyarsa. Gobe sai a ji shi yana yi wa direban babbar mota waƙa, ko ɗan kasuwa, ko malamin asibiti, ko dogari, ko wata mace mai sana'a. Wanda duk ya kyautata masa, ko ya burge shi da ƙwazon aikinsa, yana iya samun waƙa, kuma sunan da ya shiga bakin Shata ya shiga ke nan. Akwai mutane da yawa da ba su taɓa riƙe sarauta ko muƙami ba, waɗanda yau ba a san kabarinsu ba, amma ana rera sunansu daga Kano har Agadas.

Bai tsaya ga yabon mutane ba. Ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya yi waƙoƙin gargaɗi a kan noma da aure da zaman lafiya. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa soja waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Da Amurkawa suka sauka a kan wata cikin Yuli 1969, sai ya yi waƙar kumbon Apollo 11, ya kawo labarin cikin Hausa ga mutanen da ba su karanta jarida. A wancan zamani, abin da Shata ya sa a waƙa ya fi saurin isa ƙauye bisa ga abin da aka buga a takarda.

Gaskiya kuma ba ta son a ɓoye ɗaya gefen. Harshen da ke yabo shi ne ke zambo, kuma zambon Shata abin tsoro ne. Wanda suka ɓata da shi yakan ji habaici a waƙa, jama'a su ɗauka suna maimaitawa, ba kotun da za ta iya goge shi. Ya kuma yi waƙar da ta shafi shan giya, ya yi wasa a wuraren da malamai ba su yarda da su ba, abin da ya jawo masa suka mai yawa. Makaɗin fada yana da sarkin da zai tsawata masa. Shata ba shi da mai tsawata masa sai ransa. Ƴancin da ya sa ya zama na kowa, shi ne kuma ya sa wani lokaci ya faɗi abin da ya ɓata wa mutanen kirki rai. Masu sonsa ba su musun wannan, sai dai su ce alherin ya rinjayi sauran.

Yadda muryarsa ta ƙetaro iyaka

Shata ya yi sa'ar zamani, don tashensa ya zo daidai da zuwan faifan garmaho da akwatin rediyo. Kamfanonin faifai sun ɗauki waƙoƙinsa, gidan rediyon Kaduna kuma, wanda aka buɗe a 1962, ya riƙa sa su dare da rana. Muryar Kaduna tana isowa ƙasar Arewa sarai, kuma iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta tare iska. Ban da haka, mutanen Dogon Dutsi da Tibiri ba su taɓa yanke zumunci da ciniki da ƴan'uwansu na Kangiwa da Argungu da Birnin Kabi ba. Masu zuwa cin rani Nijeriya sukan komo da rediyo, daga baya da kaset ya yawaita suka riƙa komowa da waƙoƙin Shata cikin jaka. Gidan rediyon ƙasarmu, wanda aka kafa a 1958, aka kuma sa masa suna Muryar Sahel a 1974, shi ma ya ba waƙoƙinsa wuri cikin shirye-shiryen Hausa.

Shi kansa ya yi yawo ƙwarai. Ya zaga ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa ke zaune, har da ƙasarmu Nijar da Gana, ya sauke farali a Makka, ya kuma je Ingila da Faransa da Amurka. Ko'ina ya je da kalangunsa ya je, bai sauya shi da kayan kiɗan Turawa ba, ko da yake a shekarun nan samari da yawa sun koma ga jita da ƙaho.

Siyasa da girmamawa

Mutum mai irin wannan farin jini ba ya tsira daga ƴan siyasa. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, a farkon shekarun 1990 kuma ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa, amma bai daɗe a kan kujerar ba, don halinsa na faɗin abin da ke ransa bai dace da wannan fage ba. Gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Masana ma sun waiwaye shi: a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan Shata a jami'ar Indiyana ta Amurka, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar waƙarsa, wanda bai taɓa zama a ajin lakwal ba, sai ga shi malaman jami'a sun sa masa rigarsu, ana kiransa Dakta Mamman Shata.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ciwo ya kama shi, aka kai shi asibiti a Kano, aka kuma fitar da shi zuwa Jidda neman magani. Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 18 ga watan Yuni 1999, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. An kai gawarsa Daura, garin masoyinsa Sarki Muhammadu Bashar, aka rufe shi a can, kusa da iyakar ƙasarmu ta wajen Damagaram. Ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Abin da ya rage gare mu

Waƙar Shata ba rubutacciya ba ce. Abin da aka ɗauka a faifai ko kaset shi ne ya tsira, abin da ya rera a bikin da ba na'ura kuwa ya tafi tare da waɗanda suka ji shi. Duk da haka shi mai sa'a ne, don ya samu rediyo da kamfanoni da masana da suka bi sawunsa. To, ina makaɗan ƙasar Arewa? Ina masu gogen da suka san taken kowane iska, da makaɗan fadar Sarkin Arewa da suka riƙe jerin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, da masu gangar noma, da matan da ke waƙar daka da niƙa? Da yawansu sun rasu ba a ɗauki ko waƙa ɗaya daga bakinsu ba, ƴaƴansu kuma sun kama wasu sana'o'i.

Wuraren ajiya dai akwai su. A Yamai akwai cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a 1968, wadda aka sani da CELHTO, akwai kuma cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya da aka buɗe a 1989. Yau kuma wayar salula da ke aljihun kowane saurayi tana ɗaukar murya fiye da na'urorin da aka ɗauki Shata da su. Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da ɗalibai da sarakunan gargajiya na Dogon Dutsi da Tibiri, duk wanda ke da tsohon makaɗi a garinsu ya je ya gaishe shi, ya nemi izninsa, ya ɗauki waƙarsa, ya rubuta sunansa da garinsu da ranar da aka yi ɗaukar, da sunan wanda ya koya masa. Wanda kuma ke da tsohon kaset a cikin adaka, kada ya bari zafi da ƙura su cinye shi, ya kai a juye shi tun da sauran murya a ciki.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan sauran makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Mu kuma Allah ya sa mu cika da imani, amin.